Na Olazar

Kattalin ta gidan Iturbe ta cika da safiyar wata Talata, ana yayyafi, tana da shekara tamanin da tara. Babu kowa a kanta sai ɗanta Bittor. Shi ya rufe mata ido, ya ɗaure mata haɓa da ɗankwalinta, ya buɗe taga don rai ya sami hanya. Daga nan ya zauna a bakin gado, hularsa a kan gwiwa, ya kasa tashi. Ba kuka ne ya danne shi ba. Taku ɗari biyun da ke tsakanin ƙofarsu da ƙofar gidan Olazar, su ne suka danne shi.

A nan Lizarbe in aka yi rasuwa ba Fadan coci ake fara gaya wa ba, ba kuma dangi ba. Maƙwabcin farko ake fara gaya wa, wato gidan da ya fi kusa da naka a kan hanyar coci, kuma da ƙafarka za ka je, ba aike, ba waya. Su za su sa a kaɗa ƙararrawa, su wanke gawa, ranar jana'iza kuma mutumin gidan ya ɗauki gicciye ya shige gaba. In ba su ɗauka ba, babu mai ɗauka a madadinsu, sai gawa ta fita haka nan kamar ta wanda bai taɓa zama da mutane ba. Olazar ne maƙwabcin farko na Iturbe tun kafin kakanninmu. Wata goma sha huɗu ke nan da fitowar Bittor daga kurkuku, bai taɓa bi ta ƙofar gidan nan ba. In zai shiga gari sai ya haura ta gonar tuffa ya zagaya, tafiyar minti biyar ta zama ta rabin awa, ga shi da ciwon gwiwa. Mutane suna cewa ya saba da zagaye a tsakar kurkuku ne. Ba shi ba ne.

An haifi Bittor a shekarar hamsin da ɗaya, zamanin da yin yarenmu a makaranta laifi ne. Malamin yana da wani zoben ƙarfe. Duk yaron da aka ji ya yi yaren gida sai a danƙa masa, shi ma ya kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa. Wanda Asabar ta riska da zoben, shi ke shan bulala. Bittor yana da aboki, Estebe, autan wani gida can saman tudu, mai faɗin kafaɗa da yawan dariya. Ran Juma'a in zoben yana aljihun Bittor, sai Estebe ya matso ya ɗaga murya da yarenmu ya ce, “Kai kan tunkiya, ina kwana?” Dole Bittor ya miƙa masa.

“Wai me ya sa kake haka?” in ji Bittor.

“Fatarka ce ba ƙwari. Ni kuwa yayyena shida sun riga sun jeme tawa tun a gida.”

Estebe ya sha bulala ya manta. Bittor da bai sha ba, shi ne bai manta ba. Abu biyu zoben nan ya koya masa, ƙin masu mulki da kasa kunne don gano mai kai rahoto.

Ya koyi kafinta a garin Tolosa. Yana ɗan shekara goma sha tara aka kama shi da takardun da aka hana, aka riƙe shi kwana goma. Da ya dawo, wata guda uwarsa ke ba shi abinci a baki, hannunsa ba ya riƙe cokali. Ubansa ya rasu a wannan hunturun. Bayan haka ne ya shiga Ƙungiya. Mu haka muke kiranta, ba ma ƙara komai, kuma sai mun waiga kafin mu faɗa. A shekarar saba'in da biyar ƙasa ta yi masa zafi, ya tsallaka duwatsu zuwa ɓangaren Faransa. Estebe ne ya raka shi har bakin iyaka, yana ɗauke masa da jaka, shi da bai taɓa shiga komai ba.

“Ka riƙa duba mini Ama,” in ji Bittor, haka muke kiran uwa a yarenmu.

“Sai ka faɗa? Je ka ƙwato mana ƙasar, amma ka dawo kafin a yanka alade, ba zan riƙe ƙafa huɗu ni kaɗai ba.”

A can Bittor ya yi girma da sauri, don ba ya shan giya, ba ya surutu, kuma kafin ya yanke abu sai ya auna ya sake aunawa. Kafinta suke kiransa, har jaridun Madrid da wannan sunan suka san shi. Cikin shekara bakwai ya zama ɗaya daga cikin mutum uku da ke juya Ƙungiya. Daga nan bai ƙara riƙe bindiga ba. Yana zaune a wani ɗaki a Baiona, labule a sake, yana rubuta suna a takardar naɗin sigari, a naɗe ta a ɗinke cikin kalmasar riga, ta tsallaka duwatsu. Bayan mako biyu ko uku wata mata ta zama gwauruwa. Alƙali daga baya ya ce su goma sha ɗaya ne. Alƙali bai san na goma sha biyu ba.

Wanda ba ɗan ƙasar nan ba zai yi mamakin abin da ya faru, amma mu mun san yadda muke kiran juna. Sunan da ke takardar gwamnati na gwamnati ne. A gari sunan gida ake bi. Duk wanda ke kwana a Iturbe na Iturbe ne, ko siyan gidan ya yi, ko aure ya kawo shi. Gida ba ya sake suna, mutane ne ke sakewa a cikinsa.

Lokacin da Bittor ya bar gari, wanda ke zaune a Olazar wani Rufino ne, direban motar madara. Ana ta raɗe-raɗin an gan shi yana shan kofi da jandarmomi. Ko gaskiya ne, Allah ne masani. Shekara biyar bayan tafiyar Bittor, Rufino ya kwashe iyalinsa ya koma birni. Estebe kuwa, da yake auta ne ba shi da gadon gida, ya shiga Olazar da matarsa Maddalen da ɗansu Kepa. Ranar da ya shiga, ranar ya zama na Olazar, har shi kansa haka yake faɗa in ya ɗaga waya.

Wasiƙa ba ta zuwa wa Bittor, don ana buɗewa. Saƙon baki uwarsa ke aikawa, sau ɗaya ko biyu a shekara, ta bakin wata mai zuwa kasuwar Baiona. A bazarar tamanin da huɗu saƙon ya zo haka: “Ki ce masa ina lafiya, kada ya damu. Na Olazar kullum sai ya leƙo. Shi ke yanka mini ciyawa. Kuma ba ya zuwa bai tambaye shi ba, yana ina, yana lafiya, ko yana cin abinci.”

A cikin watan nan aka kama mutanensa biyu a kan tudun da ke bayan Lizarbe. Bittor ya ɗauki wannan ya haɗa da wancan, suka zauna daidai kamar katako biyu da aka fere wa juna. Rufino yana shiga gidan uwarsa kullum, yana yi mata ladabi, yana tambayar inda yake. Mutumin nan da ke auna komai sau biyu, ranar bai auna ba. Bai tuna da wanda ya ce wa ya riƙa duba masa Ama ba. Ya ɗauki takardar sigari ya rubuta kalma uku: Na Olazar, Lizarbe.

Waɗanda aka turo mutanen birni ne. Suka tambaya a gidan shan kofi, wane ne na Olazar, aka nuna musu. Da sassafe Estebe ya fito da gwangwanayen madara bakin hanya, yana fito da baki kamar yadda ya saba. A nan suka same shi. Maddalen ta ce abin da ba ta mantawa shi ne madarar da ta malala har ƙofar gida.

Bittor ya gani a jarida kashegari. Ya karanta sunan, Esteban Mugarza, bai ma gane ba, don bai taɓa kiransa da shi ba. Sai da ya ga hoton. Ya shiga banɗaki ya kulle ƙofa. Da ya fito, abokin shugabancinsa da ake kira Likita yana zaune a ɗakin yana ɓare lemo.

“Ba shi ba ne,” in ji Bittor. “Ba shi na nufa ba.”

“To, ya za a yi? Ka iya tayar da matattu ne, Kafinta?”

“Mu faɗi gaskiya. Mu ce kuskure ne.”

“Mu ce wa? Yaran da ke kwana a daji saboda mu? Gobe ka aika musu takarda su ce ko wannan ma kuskure ce? Ƙungiya ba ta kuskure, ɗan'uwa. Zauna ka rubuta, kai ka fi ni hannu.”

Ya zauna ya rubuta sanarwar da za a kai wa jaridu. Da hannunsa ya rubuta cewa Estebe na Olazar mai kai rahoto ne, an daɗe ana bin sawunsa, an yi masa gargaɗi bai ji ba. Har ya gyara wata jimla da ba ta yi masa daɗi ba. Kisan dai bai san wa yake kashewa ba. Wannan kuwa ya sani.

Mutum shida suka je jana'izar Estebe. Sauranmu muka tsaya bayan labule muna leƙe, ni ma ina cikinsu, Allah ya gafarta mini. Iturbe ne maƙwabcin farko na Olazar, kuma babu namiji a Iturbe. Sai muka ga Kattalin ta fito cikin baƙaƙen kaya, 'yar ƙaramar mace, ta ɗauki gicciyen da ya fi ta tsawo, ta shige gaba. Mace ba ta taɓa ɗauka ba a garin nan sai ranar. Ba ta dubi taga ko ɗaya ba.

Bayan kwana uku aka rubuta a bangon Olazar da jan fenti: maci amana. Kattalin ta zo da farar ƙasa ta shafe. Aka sake, ta sake. Shekara da shekaru suna haka. Mata suka daina zama kusa da Maddalen a coci. Kepa yana ɗan shekara shida lokacin. Ya tashi shi kaɗai yake buga ƙwallo a bango, in ya zo fili sauran su watse. Yana cika goma sha takwas ya tafi aikin jirgin ruwa, bai ƙara kwana a Lizarbe ba.

A shekarar casa'in da biyu aka kama Bittor, aka kai shi wani kurkuku can ƙarshen kudu. Tafiyar awa goma sha huɗu ce a mota, don ganin minti arba'in ta bayan gilashi. Zuwan uwarsa na farko, shekara goma sha bakwai rabonta da ganinsa. Ta dube shi, ta ɗora tafin hannunta a gilashin.

“Estebe nake nufi, Bittor,” ta ce. “Ai Rufino ya tashi tun da daɗewa.”

“Ama, ana sauraronmu.”

“Na sani. Ni ma ana saurarona,” ta ce, ta nuna sama da yatsa.

Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Duk wata tana zuwa, har ƙafa ta gaza, tana kawo masa cuku da safa, tana ba shi labarin tumaki. Shekara ashirin da uku ya yi. Ya ce a kurkuku sauran goma sha ɗayan suna zuwar masa jefi-jefi, kuma yana da amsar da yake ba su, ya ce musu yaƙi ne. Estebe kuwa ba ya zuwa da fushi. Zuwa yake ya ce, “Kai kan tunkiya, ina kwana?” Wannan ne ba shi da amsarsa.

Ranar da aka sako shi an tarbe shi a dandali da sarewa da ganga, wata budurwa ta yi masa rawar girmamawa, aka danƙa masa furanni. Ya tsaya riƙe da su kamar wanda aka ba jaririn wani. Uwarsa ba ta fito ba, ta ce ƙafa. Tagogin Olazar a rufe suke. Ashe duk shekarun nan Maddalen ce ke yi wa Kattalin wanka, tana dafa mata abinci. Da ya dawo ba ta daina ba, sai dai ba ta shiga in yana nan. In ya fita zagayensa ta gonar tuffa, ya dawo ya tarar da tukunyar wake a kan murhu da ɗuminta, uwarsa an taje mata kai. Yana cin waken. Bai taɓa tambayar wa ya dafa ba.

To, yau ga uwar a kwance, taga a buɗe, kuma babu zagaye.

Ya sa hularsa ya fita. Hanyar da ke tsakanin gidajen biyu ita ce hanyar gawa, wadda ake bi da akwati zuwa coci, ƙaya ta fara cinye gefenta. Ya ƙirga takun kamar yadda yake ƙirgawa a tsakar kurkuku. Bangon Olazar fari fat, amma da yake an yi ruwa, jan yana ɗan lekowa ta ƙarƙashin farar ƙasar. Bai kai ga ƙwanƙwasawa ba ƙofa ta buɗe. Maddalen ce, tsohuwa yanzu, gashi fari, ta riga ta ɗaura baƙin ɗankwali, tawul da sabulu a hannunta.

“Na ga tagar,” ta ce. “Amma sai ka faɗa.”

Ya cire hula. “Maƙwabciya, Kattalin ta Iturbe ta rasu.”

“Allah ya karɓe ta cikin haskensa. Da ƙarfe nawa?”

“Bakwai saura.”

“Ka gaya wa ƙudan zuman?”

“A'a.”

“Ka gaya musu, in ba haka ba su tashi. Ko an manta da wannan ma a makarantar da ka je?” Ta jawo ƙofa za ta wuce shi.

“Maddalen.” Ya bi ta taku ɗaya. “Akwai maganar da zan faɗa miki kafin ki shiga gidanmu. In kin ji kika fasa, ba ki yi laifi ba.”

Ta tsaya, ba ta juyo ba.

“Estebe bai taɓa kai rahoton kowa ba. Ni na rubuta takardar. Rufino na nufa. Ban san kun shiga gidan ba, na rantse da Allah ban sani ba. Kuskure ne.”

“Ka gama?”

Ya gyaɗa kai.

“Uwarka ta gaya mini tun ba a yi kwana bakwai da kashe shi ba. A nan ta durƙusa, inda kake tsaye, ta ce bakinta ne ya kashe shi. Shekara talatin da biyu tana ɗauke da kayanka a kanta, kai kana can kana jarumta.” Sai yanzu ta juyo. “Kuskure ne, ka ce. To da Rufino ne fa? Da daidai ke nan?”

Ba ta jira shi ba, ta ci gaba.

“'Ya'yansa mata uku. Ƙaramar tana da ƙafa ɗaya gajera, ni na gaji ɗakinta, har yau zanen da ta yi yana jikin bango. Da ita ce za ta wanke madarar. Me ka sani a kansa? Ya sha kofi?”

“Abin da aka ce ke nan.”

“Aka ce.” Ta gyara riƙon tawul ɗin. “Kepa ya tambaye ni sau ɗaya, yana ɗan shekara goma sha biyu. Ya ce, Ama, da gaske ne? Na ce ƙarya ne. Ya ce, to me ya sa duk gari suka yarda? Ka ba ni amsar da zan ba shi, kai mai iya rubutu.”

“Ki yafe mini.”

“Kada ka roƙe ni abin da ba ni da shi. Ni ba sabon labari ka kawo mini ba. A bakin ƙofa ka raɗa mini, amma a jarida ka rubuta waccan ƙaryar. Gicciye kuwa zan ɗauka, kada ka ji tsoro. Ba don kai ba. Ta ɗaukar mini ranar da duk garin nan ba namiji.”

Ta wuce. Ya tsaya a ruwa har ya ji ƙararrawa ta fara, bugu biyu biyu, irin na mace. Sannan ya je bayan gida ya ƙwanƙwasa amya ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Uwar gida ta rasu.” Ya ce wannan ne karo na farko da ya yi kuka.

Ran Alhamis aka yi jana'iza. Coci ta cika, har da motoci daga birnin Donostia, don uwar Kafinta ce. Likita ma ya zo, ya yi tumbi, yana dogara sanda, shi ma ya ci nasa zaman kurkukun. Ya rungume Bittor a ƙofar gida.

“Kai tsoho, ka ga yadda ka koma? Kamar busasshen kifi! Ga tuta mun kawo, a lulluɓa wa Ama. Uwar gwagwarmaya ce.”

“Ba ta so. Bar ta a mota.”

“Wace ce waccan da gicciye? Kai, ba matar mutumin nan na Olazar ba ce? Haba, Kafinta, ba wani namiji a garin?”

“Maƙwabciyar farko ce.”

Maddalen ta shige gaba, gicciyen yana rawa a hannunta don nauyi, ba ta yarda kowa ya taya ta ba. Ta bi hanyar gawa ta ƙofar gidanta, akwati a bayanta, Bittor a bayan akwati. Bayan an binne, ya tsaya a rumfar coci shi kaɗai, inda mazan gidan mamaci ke tsayawa mutane su bi layi su ba su hannu. Na farko ya miƙo hannu, Bittor bai karɓa ba.

“Ku dakata,” ya ce. Ba ya ɗaga murya, amma ya saba a yi shiru in yana magana. “Kafin ku ba ni hannu ku san hannun da za ku riƙe. Estebe na Olazar bai taɓa kai rahoton kowa ba. Ni na sa aka kashe shi. Wani na nufa, shi ma ba ni da komai a kansa sai ji-ta-ji-ta, kuma da shi aka samu, da laifin bai ragu ba. Da na ga abin da na yi, sai na zauna na rubuta cewa maci amana ne. Ƙarya ce. Ni na yi ta, da wannan hannun.”

Likita ya kama masa hannun riga. “Rufe bakinka, ɗan banza, baƙin ciki ne ke magana. Akwai 'yan jarida. Mayar da kai kurkuku za su yi!”

“Su mayar.”

“Yaƙi ne fa, Bittor,” wani ya faɗa daga baya.

“Ciyawar uwata yake yankawa,” in ji Bittor. “Ni na ce ya riƙa duba ta.”

Layin ya tsinke daga tsakiya, mutane suka fara sulalewa, kowa yana kallon takalminsa. Mu da muka tsaya bayan labule wancan karon, ba mu da bakin cewa komai. 'Yan ƙalilan suka ba shi hannu. Wata tsohuwa ta nufi Maddalen za ta rungume ta, Maddalen ta ce, “Bari, Benita, kin makara,” ta jingina gicciyen a mazauninsa, ta tafi gida.

Kotu ta kira shi Madrid. Ya haɗa 'yar jakarsa, ya ba da tumakin riƙo, ya tafi bai sa ran dawowa ba. Bayan kwana biyu sai ga shi a motar yamma. Alƙali ya ce laifin ya daɗe, a doka lokacin shari'arsa ya wuce. Ya sauko kamar wanda ya je roƙo aka hana shi.

Yanzu in ya shiga gidan shan kofi, waɗanda suka yi masa rawa ne ke juya baya. Ba a yi wata ba aka rubuta a bangon Iturbe da jan fenti, kalmar nan dai. Bai shafe ba. Kullum da safe sai ya fito ya tsaya ya karanta, kamar mai karanta addu'a. Mako uku tana nan. Wata safiya ya buɗe ƙofa ya tarar da Maddalen da bokitin farar ƙasa da burushi. Ta dire a gabansa.

“Bangon Kattalin ne, ba naka ba. Shafe.”

“Ai gaskiya suka rubuta.”

“Daɗinta kake ji, shi ya sa na ce ka shafe. Sau biyu za ka bi, jan yana da naci.”

Ya ɗauki burushin. “Kepa ya ji?”

“Na karanta masa a waya. Ya ce wataƙila ya zo lokacin tuffa.” Ta juya, ta yi taku kaɗan, ta tsaya. “Ka sare ƙayar hanyar nan, ta yage mini siket ran jana'iza. Kuma ka riƙa shan maganin gwiwarka. Ranar tawa kai za ka ɗauka, babu wani a Iturbe. Kada ka yarda ka riga ni.”

Tuffa ta nuna sau biyu tun daga lokacin, Kepa bai zo ba tukuna. Bittor ya daina zagaye. Ta ƙofar Olazar yake bi, ya cire hula, ko da mutum ko babu. Maddalen ba ta amsa gaisuwarsa. Hanyar gawa kuwa babu mai tsabtarta a duk Lizarbe. Ranar Asabar bayan an share coci, nakan gan shi ya shigo ya ɗaga gicciyen daga mazauninsa, ya riƙe shi na ɗan lokaci ya ji ko hannunsa na iyawa har yanzu, sannan ya mayar.